Zauren Goggo: Mai Maganin da Ta Tara Takardu a Ƙarƙashin Gado

Assalamu alaikum, masu karatu. A fitowar da ta gabata, cikin amsar da na ba wani bawan Allah kan jiƙe-jiƙen shawara, na ambaci wata tsohuwa 'yar Amurka mai suna Gladys Tantaquidgeon a layi ɗaya tak, na ce ita ce malama mai maganin gargajiyar da ta san darajar alƙalami, na kuma yi alkawarin ba da labarin takardun da ta tara a ƙarƙashin gado. Ashe layin nan ɗaya zai jawo mini aiki. Wasiƙu suka yi ta shigowa, har Edita ya ce in ba ta shafin wannan watan gaba ɗaya. Masu tambayar hawan jini da gyambon ciki ku yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Goggo, wace ce wannan Gladys Tantaquidgeon da kika ambata? Ko furta sunan ya gagare ni. Baturiya ce? A ina ta koyi magani? (Daga wata ɗaliba mai karatun haɗa magunguna, Zariya)

Amsa: 'Yata, sunan ya gagari manya ma, kada ki damu. Ba Baturiya ba ce. 'Yar ƙabilar Mohegan ce, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawan Ingila suka tarar a gabashin Amurka a ƙarni na 17. Ƙasarsu tana cikin jihar Connecticut ta yanzu, tsakanin New York da Boston. A can aka haife ta ranar 15 ga Yuni, 1899, a kan tudun da suke kira Mohegan Hill, a can kuma ta rasu ranar 1 ga Nuwamba, 2005. Ki yi lissafi: shekara 106.

Lokacin da ta zo duniya mutanenta sun koma 'yan tsiraru, gidaje ƙalilan a gefen tudu. Tun a shekarun 1860 zuwa 1870 gwamnatin jihar ta rarraba filin ƙabilar. Ga kuma wani shahararren littafin ƙagaggen labari na 1826, wanda ya cakuɗa sunansu da na wata ƙabila, ya dasa wa Amurkawa a ka cewa na ƙarshensu ya daɗe da mutuwa. Mutum yana zaune a gidan kakanninsa ana ce masa babu shi.

Tsofaffin mata uku ne suka ɗauke ta tun tana ƙaramar yarinya: kakarta ta wajen uwa Lydia Fielding, da Mercy Ann Nonesuch Mathews, da Emma Baker, wadda ita ce mai maganin ƙabilar a lokacin. Ba aji suka zaunar da ita ba. Bin su daji take yi, tana ganin wane tsiro ake cira, a wane lokaci, yaya ake shanya shi, me ake bari a wurin. A hanya kuma ana ba ta labaran kakanni. Emma Baker ɗin nan ba ƙaramar mace ba ce. Ita ta farfaɗo da bikin sabuwar masara a 1860, bikin da ake soya masara a daka ta a turmi a ci tare, wanda har yau Mohegan suke yin sa duk watan Agusta.

Akwai tsohuwa ta huɗu, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai: Fidelia Fielding, mutum na ƙarshe da yake magana da harshen Mohegan tsantsa. Mutanen ƙabilar suna cewa ta ƙi koya wa yara harshen ne don gudun kada a hukunta su a makaranta. Ta rasu a 1908, Gladys tana da shekara tara. Abin da ya rage na harshen shi ne 'yan littattafan da tsohuwar ta riƙa rubuta abubuwan yau da kullum a ciki: yanayin gari, abin da ta ci, addu'arta. Littattafan sun yi yawo a hannun baƙi fiye da shekara ɗari, sai a 2020 Jami'ar Cornell ta mayar wa Mohegan kayansu, da su kuma ake koya wa yara harshen yanzu. A ganina, yarinyar da aka binne harshen mutanenta a gaban idonta ba za ta sake yarda ta jefar da ko guntuwar takarda ba. Duk abin da Gladys ta yi daga baya, daga nan nake karanta shi.

Tambaya: Hajiya, ni fa ina da zargi. Bature ya zo ya zauna da tsofaffi, ya kwashe abin da ke bakinsu, ya buga littafi da sunansa a bango. Ita ma wannan ba amfani da ita kawai aka yi ba? (Daga wani malamin sakandare, Maraɗi)

Amsa: Malam, zarginka yana da tushe, kuma su Mohegan sun fi mu sanin ɗacin abin. Ɗan'uwan wata kakar kakannin Gladys, Samson Occom, malamin coci ne kuma masanin itatuwa. Tun 1754 ya rubuta ɗan littafin saiwoyi da ganyayyaki. Aka tura shi Ingila a 1766 ya tara dubban fam don makarantar 'ya'yan 'yan asalin ƙasar. Da kuɗin suka iso, ubangidansa ya ɗauke makarantar ya kai ta wata jiha, ta zama Kwalejin Dartmouth, 'ya'yan Turawa suka cika ta. Takardun Occom ma sai a 2022 kwalejin ta mayar da su. Mu nan kuma muna da namu misalin: likitan Turawan mulki J. M. Dalziel ya buga ƙamus na sunayen itatuwa da Hausa a 1916, ya biyo da babban littafinsa na tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Aiki ne mai amfani, na yi ta duba shi ina ɗaliba. Amma ka tambayi kowa sunan maharbi ɗaya ko wanzami ɗaya ko ungozoma ɗaya da ta nuna masa ganyen, ka ji.

To ga inda labarin Gladys ya sha bamban. Akwai wani masanin al'adu, Frank Speck, wanda tun yana saurayi yake zuwa tudun Mohegan wajen Fidelia Fielding, ya saba da gidansu Gladys. A 1919, tana da shekara 20, ba tare da ta yi sakandare ba, ta shiga Jami'ar Pennsylvania inda yake koyarwa, ta karanci nazarin al'adun ɗan Adam. Ta yi masa aiki, ba na musu, kuma ya amfana da ita: ƙofar da za a rufe wa Bature, ita buɗe mata ake yi. Amma ba ta tsaya a mai riƙe jaka ba. Ta je wajen ƙabilar Wampanoag a jihar Massachusetts, da ta Nanticoke a jihar Delaware, har Kanada wajen mutanen tafkin Saint-Jean, ta rubuta abin da ta gani da sunanta. A 1928 aka buga rubutunta kan magungunan Mohegan. A 1942 littafinta kan maganin ƙabilar Delaware ya fito, aka sake buga shi a 1972, kuma har gobe masu nazarin tsirrai suna kafa hujja da shi.

Abin da ya sa nake ganin girmanta, Malam, shi ne mutumin da ya ba ta mafi yawan ilimin Delaware, wani mai magani daga Oklahoma da ake kira Witapanoxwe, sunansa yana cikin littafin. Wanda ya karanta ya san daga bakin wa maganar ta fito. Ni ma'aunina ke nan in an kawo mini irin wannan aiki: sunan wa aka rubuta, an nemi izininsa, kuma in kuɗi ya fito ina rabonsa? Launin fatar mai rubutun ba ya cikin lissafin. Na ga 'ya'yanmu na cikinmu sun kwashe sirrin tsofaffi sun sami digiri da shi, ko goro ba su koma sun kai ba.

Tambaya: Mu bar tarihi, Hajiya. Magungunan nata suna aiki? Na ce wa abokina wadda ta kai shekara 106 ai ta san abin da take sha. (Daga wani mai kemis, Kano)

Amsa: Ƙanena, ka koma ka gaya wa abokinka Goggo ta ce hujjar ba ta tsaya ba. Tsawon rai na Allah ne. Akwai masu magani da suka mutu da ƙuruciya, akwai kuma tsofaffin da suka haura ɗari ba su san sunan ganye ko ɗaya ba. Mutum ɗaya ba gwaji ba ne. Kai da kake bayan kanta kullum ka fi kowa sanin haka.

Abin da ta rubuta kashi-kashi ne. Akwai wanda bincike ya gaskata. Wani ɗan itace da Turawa suke kira witch hazel, 'yan asalin ƙasar suna dafa shi don kumburi da ƙaiƙayin fata; Turawa suka koya daga wajensu, tun ƙarni na 19 ake tace ruwansa a masana'antu a Connecticut ɗin, yau yana cikin ƙyallayen da ake sayarwa masu basir. Masu masana'antar ne suka yi arziki da shi, ba masu ganyen ba. Akwai wani tsiro, mayapple, da ƙabilun gabashin Amurka suke shan saiwarsa don wanke ciki. Guba ce sosai in an zarce. Daga sinadarin cikinta aka samo etoposide, maganin kansa da Amurka ta amince da shi a 1983. Saiwa ɗaya, tana kisa tana warkarwa. Abin da ya raba shi ne awo.

Akwai kuma wanda bincike ya ƙaryata, ko ya gano haɗarinsa. Saiwar sassafras, wadda ake dafawa a sha da shigowar bazara don "wanke jini", an gano sinadarin cikinta yana haddasa kansar hanta a ɓeraye, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a abinci tun 1960. Saƙar gizo-gizo da ake liƙawa a kan yanka don tsayar da jini, mu ma kakanninmu sun yi, amma ni da na ga masu sarƙe-haƙora a gadon asibiti ba zan ba kowa wannan shawarar ba.

Gladys ba tallar magani take yi ba, ba ta da lasifika a bakin kasuwa. Rubutawa ta yi: wannan ganyen, waɗannan mutanen, ga abin da suke yi da shi. Rubutun shi ne ya ba wani damar gwadawa. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma sai an gwada akan san na ƙwarai. A nan gida an yi irin haka sau ɗaya da ya burge ni: hukumar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya daga ƙasar Yarabawa, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen wata dawa da wani itace, aka rubuta yarjejeniya da shi, aka gwada, aka fitar da Niprisan don masu sikila. Abin ya sha wahalar kasuwa daga baya, amma hanyar da aka bi ita ce daidai.

Bari in ƙara maka abu biyu da suka ba ni mamaki. Na farko, mai maganin Delaware ba ya cire tsiron farko da ya tarar. Ajiye masa taba yake yi, ya wuce ya nemi wani irinsa. Kuma ɓawon itace daga ɓangaren gabas ake sassaƙo shi, inda ranar safe take bugawa. Duk wanda ya taɓa jin tsohuwa ta ce "a samo sassaƙen gabas" zai yi murmushi. Ko me mutum ya ɗauka game da dalilinsu, wanda ya bar tsiron farko ya bar iri, wanda ya sassaƙi gefe ɗaya bai kashe bishiya ba. Ka je ka dubi yadda masu sassaƙe suka yi wa maɗaci da marke zobe a dazuzzukanmu. Na biyu, wasu daga cikin ganyayen da suka fi amfani da su, kamar mullein da ake busa hayaƙinsa don asma, Turawa ne suka shigo da su daga Turai. Suka gani, suka gwada, suka riƙe. Darbejiyarmu ma ai daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, yau ka ce wa mutumin Borno ba tasa ba ce ka gani.

Tambaya: Na ji an ce irin waɗannan mutanen da iskoki suke aiki. Ya dace mujalla ta riƙa yabon mai irin wannan aƙida? (Daga wani magidanci, Gusau)

Amsa: Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. A al'adar Mohegan akwai imani da wasu ƙananan halittu da suke kira Makiawisug, waɗanda suke cewa suna zaune a ƙarƙashin tudun, ana ajiye musu kwandon abinci a daji. Gladys ta tashi da wannan, ta kuma riƙe shi. A lokaci guda mutanen coci ne. Cocinsu an gina ta a 1831, shekara ɗaya bayan dokar da ta ba gwamnati ikon kwashe ƙabilu a kai su yamma. Nuna cewa su Kiristoci ne masu makaranta yana cikin abin da ya sa aka bar su a ƙasarsu.

Ba aƙidarta na kawo a yi koyi da ita ba, kuma hukuncin addini na malamai ne, ba na mai haɗa magani ba. Amma sanin wane ganye ne yake sauke zazzaɓi ilimi ne da kowa zai iya gwadawa, ko daga bakin wa ya fito. Littattafan likitancin Girkawa ma Musulmi ne suka fassara su a Bagadaza suka gina a kai, ba su ɗauki gumakan Girkawa ba.

Ka kuma san da wannan: a 1883 gwamnatin Amurka ta kafa doka a yankunan da ta killace ƙabilu, wadda ta sa aikin masu maganin gargajiya ya zama laifin ɗauri. Ana kwashe yara a kai su makarantun kwana, a aske su, a hana su harshensu. Sai a 1934 aka fara sassautawa, dokar 'yancin addininsu kuwa sai 1978. Mutumin da aka yi wa haka, in ka ga ya rungume abin kakarsa da hannu biyu, ko ba ka yarda da shi ba za ka gane dalili.

Tambaya: Kin kira ta malama. A wace makaranta ta koyar? (Daga wata malamar firamare, Damagaram)

Amsa: 'Yar'uwa, makarantarta ɗakin dutse ne guda. A 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta durƙusar da Amurka, mahaifinta John da ɗan'uwanta Harold suka gina shi kusa da gidansu, su uku suka zuba kayan ƙabilar a ciki: kwanduna, turame, akusa, kayan ado na duwatsu. Shi ne gidan tarihi mafi daɗewa a Amurka da 'yan asalin ƙasar suka mallaka kuma suke gudanarwa da kansu. Iyalin suna da wata magana da suke yawan faɗa, cewa da wuya ka ƙi mutumin da ka san shi sosai. Don haka suka buɗe ƙofa ga 'yan makaranta, mota-mota ake kawo su, akasarinsu 'ya'yan Turawan maƙwabta. Gladys ta yi ta karɓar su har 1998. Ki duba shekarunta a lokacin.

Kafin ta zauna a gida ta yi aikin gwamnati. A 1934 hukumar kula da al'amuran ƙabilu ta ɗauke ta, aka tura ta Dakota ta Kudu wajen mutanen Sioux, inda ta tarar da talauci irin wanda ba ta taɓa gani ba. Daga 1938 zuwa 1947 ta yi aiki da hukumar sana'o'in hannu, tana zagaya Dakota da Montana da Wyoming, tana taimaka wa mata su dawo da sana'ar kakanninsu su kuma samu kasuwa. Da ta dawo gida ta yi aikin kula da ɗakin karatu a gidan yarin mata na Niantic. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba, ni kuwa ina jin nan ne aka fi ganin mai warkarwa: mace tana miƙa wa fursuna littafi tana sauraron ta. Digirin girmamawa sun zo daga baya, Jami'ar Connecticut a 1987, Yale a 1994. Sarautar mai maganin ƙabila kuwa sai a 1992 aka naɗa ta, tana da shekara 93, bayan ta gama yin aikin.

Tambaya: Mene ne labarin takardun ƙarƙashin gado da kika yi mana alkawari? (Masu karatu da dama)

Amsa: A Amurka, ƙabila ba ta da ikon mulkin kanta ko riƙe ƙasa da sunanta sai gwamnatin tarayya ta amince cewa ita al'umma ce da ba ta taɓa yankewa ba. Mohegan sun shigar da buƙatarsu a 1978. A 1989 amsar farko ta fito: a'a. Dalilin da aka ba su shi ne babu isasshiyar shaida cewa sun ci gaba da zama al'umma mai shugabanci daga shekarun 1940 zuwa gaba. Wato an yarda da kakanninsu, su ne ba a yarda da su ba.

Sai aka jawo robobi masu murfi daga ƙarƙashin gadon Gladys. Me ke ciki? Ba asiri, ba laya. Wasiƙun 'yan'uwa, takardun haihuwa, na aure, na gama makaranta, na mutuwa. Tarkacen da mai shara zai ce a ƙona. Shekara da shekaru tana tarawa, ba wanda ya sa ta. Da su, haɗe da bayanan cocinsu, aka nuna wa gwamnati wa ya haifi wa, wa ya je jana'izar wa, wa ake kai wa ƙara in an yi rigima, aka kuma nuna cewa a shekarun da aka ce babu shugabanci, mata ne suke riƙe da ragamar. A watan Maris na 1994 amincewar ta fito.

Abin da ya biyo baya ba duka nake yabo ba. A 1996 ƙabilar ta buɗe katafaren gidan caca, Mohegan Sun, da kuɗinsa suke biyan karatun 'ya'yansu da kula da tsofaffinsu. Caca caca ce, ra'ayina a kanta bai canza ba. Amma ga wani abu da 'yan canjin Wapa za su so ji: a 2022 aka naɗa shugabar Mohegan, Lynn Malerba, wadda asalinta ma'aikaciyar jinya ce, Ma'ajin Amurka. Sa hannunta yana kan takardun dala da aka buga a zamaninta. Ƙabilar da aka ce ta ƙare ke nan.

Tambaya: Goggo, kakata ungozoma ce, ta san magungunan mata da na jarirai, amma duk lokacin da na zo da biro sai ta kore ni, ta ce ba a rubuta irin wannan. Ta tsufa ƙwarai. Yaya zan yi? (Daga wata ma'aikaciyar jinya, Azare)

Amsa: 'Yata, wasiƙarki ce ta sa na yarda da shawarar Edita. Tawa kakar ma ungozoma ce, a wani ƙauye a ƙasar Katsina. Tana da ƙwarya a rataye a ragaya, cike da ƙulli-ƙulli a tsummokaran atamfa. Ba ta duba su, shinshinawa take yi. In ta yi shakka ta gatsi saiwar da haƙorin gefe, ta tofar, ta ce "wannan ne". Launin tsumman ma yana da ma'ana a wajenta. Ranar da aka share ɗakinta bayan addu'ar bakwai, aka zazzage ƙwaryar a tabarma, mata sun fi goma a wurin, ba wadda ta iya cewa ga na mai jego ga na ciwon cibiya. Juji aka kai su, kuma daidai ne, don ba a ba jariri abin da ba a san shi ba.

Saboda haka ki ajiye biron tukuna. Gladys ta yi shekaru tana bin tsofaffi kafin ta rubuta kalma ɗaya. Ki zama 'yar aikenta: ki bi ta jeji, ki riƙe mata kwando, ki yi mata daka, ki hura wutar. Tsohuwa ba ta ba mai tambaya, mai hidima take ba. In kun saba da haka, ki nemi izinin ɗaukar muryarta a waya, ki ce don jikoki ne, kuma ya zama don jikokin ne da gaske. Abin da ta ce a bari a sirri, ki bar shi.

In kin zo rubutawa, sunan ganye kaɗai ba ya isa, domin suna ɗaya yana iya zama tsiro biyu tsakanin Azare da Sakkwato. Ki ɗauki hoton bishiyar a tsaye, da ganyen, da furen, da 'ya'yan. Ki matse reshe a tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, ki kai sashen nazarin tsirrai na jami'a mafi kusa a tabbatar miki da shi. Na Jami'ar Ahmadu Bello yana da ma'ajiyar busassun tsirrai da ake wannan aikin. Ki rubuta wane ɓangare ake amfani da shi, a wane lokaci ake cira, dafawa ake yi ko jiƙawa, da wane ludayi ake awo, kwana nawa ake sha, da wanda ba a ba. Wannan na ƙarshen tsofaffi sun san shi sarai, mu ne ba ma tambaya. A saman kowane shafi ki sa sunanta, da sunan wadda ta koya mata, da kwanan wata.

Ke kuma ma'aikaciyar jinya ce, kin san abin da za ki tarar da ba za ki yarda da shi ba: kunun kanwa mai yawa ga mai jego, wankan da ya wuce ƙima, abin da ake shafa wa cibiya. Ki rubuta su yadda ta faɗa, ki sa naki bayanin a gefe. Kada ki yi mata gyara a gaban mutane. In kina so ta daina shafa wa cibiya toka, ki kai mata man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti ki ce ta gwada a hannunta, ta zama ita ce mai ba matan unguwa.

Tambaya: Ni mai maganin gargajiya ne gado da gado, ina da maganin suga da ƙoda da rashin haihuwa, duk a kwalba ɗaya. Ki taimaka ki sa lambar wayata a shafinki. (Daga wani mai magani, Funtuwa)

Amsa: Malam, Allah ya ba da kasuwa, amma ba a wannan shafin ba. Sashen talla yana hawa na ƙasa, kuma za su nemi lambar rajistar NAFDAC kafin su karɓi kuɗinka. In kana so mu yi magana ni da kai, ka aiko mini da sunayen abin da ke cikin kwalbar, da sunan wanda ka gada a wajensa, da adadin cokalin da kake ba mai ciwon ƙoda.